Gobarar Ranar Kasuwa

Ranar da gobara ta ci rabin unguwarmu babu wani namiji mai ƙarfi a gari. Ranar kasuwar Babban Mutum ce, duk mai abin sayarwa ko abin saye ya kama hanya tun da hantsi. Maigidana yana cikinsu, ya kora tumakin da zai sayar. A gida aka bar ni da surukata, wadda muke kira Inna, da 'ya'yana uku: 'yar farina mai shekara goma sha biyu, da ƙanenta da bai wuce shekara huɗu ba, sai jaririyar da nake goyo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Baure da Babban Mutum. A lokacin gidajen da ke da rufin kwano ba su da yawa. Yawancin ɗakuna jinka ce, kuma darnin kara ne ya raba gida da gida, wannan ya jingina da wancan har ƙarshen unguwa. Da an gama kaka kowa zai jibge harawa a kan rumfarsa, ya tara kara a kusurwar gida saboda girki. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan wani abin tsoro.

Shekara guda kafin wannan rana, wuta ta cinye wani ƙauye da ke arewa da mu, maigidana ya je jaje. Da ya dawo bai ci tuwon kirki ba. Ya ce mini abin da ya fi tsaya masa a rai ba hatsin da ya ƙone ba ne, awakin da ya gani ne a turke, sun ƙone da igiya a ƙafa saboda ɗaurin ya cije, ba wanda ya iya tsayawa ya kwance. Ya kuma ce wata mata ta rasa hanyar fita domin ƙofar gidan ɗaya ce, kuma ta nan wutar ta shigo.

Washegari ya fara aiki. Ya sauke harawa daga kan rumfa ya kai ta kan bishiyar gawon da ke gonarmu ta bayan gida. Ya bar rumbu ɗaya a cikin gida, ɗayan ya sa aka ɗauke aka kafa shi a fili, nesa da darni. Ya sayo tsohon duro ya ajiye kusa da madafi, ya ce kada a taɓa barinsa babu ruwa, ya rataye bokiti biyu da buhunan algarara a jikin dirka. Ya koya mana wani ɗauri da ake jan bakin igiya sau ɗaya ya warware, ya ce da shi za a riƙa ɗaure dabbobi. Daga ƙarshe ya ɗauki adda ya fasa ƙofa a darnin baya, ya yi mata asabari mai kauri.

A kan wannan ƙofa suka saɓa da mahaifiyarsa. Inna ta ce tun da aka kafa gidan ƙofa ɗaya gare shi, kuma gida mai baki biyu ɓarawo yake gayyata. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne ranar da ya tara mu a tsakar gida yana raba mana aiki. Ya ce in wuta ta tashi, babbar yarinya za ta kwashi ƙannenta ta fita ta ƙofar baya, ta tsaya a gindin gawo, kada ta dawo ko me ta manta. Ni zan kwance dabbobi in fitar da Inna, domin gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, da sanda take zuwa ko bayan gida. Shi kuma zai ji da ruwa da darni. Inna ta ce wannan mugun fata ne, mutum ba ya zama yana shimfiɗa wa masifa tabarma. Shi dai bai yi musu da ita ba. Ya ce gemun ɗan'uwa ya gani ya kama wuta, shi ya sa yake shafa wa nasa ruwa. Ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba, sannan abin ya wuce. Ni kaina na yi dariya a ɓoye ranar da ya sa yara suka gwada gudu zuwa gindin gawo, ƙaramin yana faɗuwa a kunyoyin gona yana tashi.

Abu ɗaya ne ba mu yi magana a kansa ba: yadda za a yi idan shi ba ya nan.

Bazara ce, irin zafin nan da ke sa kaji buɗe baki a inuwa. Tun safe iska take kaɗawa daga gabas, mai zafi kamar daga bakin murhu. Bayan azahar ina zaune ina tsince wake sai na ji ƙaurin da ba na girki ba. Na ɗaga kai na ga hayaƙi yana tashi ta gabas, wajen gidajen da ke bakin rijiya, fari da farko, sannan ya yi baƙi ƙirin. Kafin in miƙe na ji muryar wata mata tana salati tana kiran gobara.

Na daɗe ina tunanin cewa idan irin wannan ta faru zan ruɗe. Ban ruɗe ba, amma na tsaya da faifai a hannu ina kallon hayaƙin kamar ina jiran wani ya ce mini in fara. 'Yar farina ce ta taɓa ni. Ta riga ta ɗauko zani. Na kwance jaririyar na ɗora mata a baya, na ce ta kama hannun ƙanenta su tafi gindin gawo. Na ga ta nufi inda yake wasa da gwangwani a bakin ɗakina, na juya zuwa turke.

Ɗaurin ya yi aikinsa. Ina ja igiya tana zubewa. Amma dabbobin suka ƙi fita. Awakin suka dunƙule a kusurwa suna kuka, babban ragon da muke kiwo ya riƙa zagaye tsakar gida yana tunkuyar duk abin da ya samu. Sai da na kama uwar garken da ƙaho na ja ta da ƙarfi har waje, sannan sauran suka bi ta. Ragon ya bangaje ni ya wuce, na ji zafi a cinya amma ban tsaya duba ba.

Lokacin da na dawo tsakar gida sararin sama ya canja kala. Rana ta koma ja kamar garwashi a cikin hayaƙi, kuma tartsatsi da guntayen ciyawa masu ci suna faɗowa. Ƙarar wutar ita ce abin da ban taɓa ji ba. Kara yana fashewa kamar ana harbi, kuma a ƙarƙashin wannan akwai wani gurnani da ba ya yankewa.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta da carbi a hannu. Na durƙusa na ce ta tashi mu fita. Ta ce in je in ji da yara, ita a bar ta, in kwananta ya ƙare ko a gona ma zai ƙare. Na san ba za ta iya takawa zuwa gawo ba ko da ta yarda, domin hanyar duk kunyoyi ce. Na jawo baron da muke kwashe taki da shi, na shimfiɗa tabarma a ciki. Ta kalli baron ta kalle ni. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko haɗa ido ba na yi da ita.

Na ce, "Inna, ki yi mini gafara. In kin zauna nan zan zauna, kuma jikokinki suna waje su kaɗai."

Ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, ta zauna a cikin baron tana riƙe da sandarta. Ba ta da nauyi, amma tayar baron tana nutsewa a yashi, ina turawa ina haki.

Muna dab da ƙofar baya na ji ana kiran sunana ta bayan darnin da ya raba mu da maƙwabta na gabas. Maƙwabciyata ce, mace mai 'ya'ya da yawa, wadda mijinta shi ma yana kasuwa. Ta ce lungun gaba ya cika da wuta, zaurensu ya kama, ba su da hanyar fita. Na ajiye baron na ɗauko addar da ke rataye a dirka. Na sare igiyoyin da suka ɗaure darnin, ita tana turowa daga can ina ja daga nan, har ya kwanta. Suka tsallako, ita da yaranta da wasu mata biyu daga gidan da ke bayan nasu, waɗanda su ma suka fasa nasu darnin suka shigo wajenta. Ɗaya daga cikinsu tana rungume da tukunyar miya, har yau ban san dalilin da ya sa ita ta ɗauko ba.

Da na ga hannuwa sun yi yawa sai na tuna aikin maigidana. Na ce su taimaka mu janye darnin da muka kayar, kada wuta ta taka shi ta shigo. Muka ja shi zuwa tsakiyar fili, muka jiƙa buhunan algarara a duro muna bugun duk inda tartsatsi ya sauka. Muka watsa ruwa a jinkar madafi da ta ɗakin Inna. Ruwan da na ɗauka mai yawa ne ya ƙare kafin mu yi wani abin kirki, kuma jinkar tana bushewa a gaban idonmu. Da rumfar maƙwabciyata ta kama, harawar da ke kanta ta tashi gaba ɗaya, zafin ya doke mu a fuska har muka ja da baya. Na ce a bari haka, a fita.

Mu biyu muka tura baron Inna a kan kunyoyi. Gindin gawo ya cika da mutane, domin duk wanda ya ga an nufi can ya bi. Tsofaffi suna zaune a ƙasa suna salati, yara suna kuka, awaki suna yawo a tsakaninsu. Na hango 'yar farina a tsaye da goyo, tana dube-dube. Da ta gan ni ta taho da gudu, idonta a kan hannuwana, kamar tana neman abin da na riƙo.

Ta ce ƙanenta ya fizge hannunsa a bakin ƙofar baya lokacin da rago ya taho a guje, ya koma ciki yana kirana. Ta zaci yana wurina. Ta so ta bi shi, amma an ce kada ta koma, ga kuma jaririya a bayanta.

Ban san abin da na ce mata ba. Na tuna dai na riƙa juya yaran mutane ɗaya bayan ɗaya ina duba fuskokinsu, ko da na san ba ya cikinsu. Na yi ta zirga-zirga a tsakar gidan nan ban gan shi ba, ban ji kukansa ba. Na juya na kalli gidanmu. Madafi ya kama. Jinkar ɗakin Inna tana hayaƙi ta gefe ɗaya. Ɗakuna uku ne a gidan, ga rumbu, ga akurki, ga bayan gida, kuma na san ba ni da lokacin duba su duka.

Inna ta kama bakin zanina. Tsakaninta da yaron akwai wasan jika da kaka, angonta take kiransa, kuma a ɗakinta yake yini.

Ta ce, "Ƙarƙashin gadona, can ƙurya bayan kwalla. Nan yake shiga in ya tsorata. Kada ki tsaya kira, ba zai amsa ba."

Maƙwabciyata ta cire mayafinta ta tsoma a tulun da wata tsohuwa ta fito da shi, ta yafa mini a kai. Wani dattijo ya ce in tsaya, ba a shiga irin wannan. Ban tsaya ba.

A ƙofar baya hayaƙi ya tare ni kamar bango. Na tuna maigidana ya ce hayaƙi sama yake bi, sai na sunkuya na rufe hanci da jiƙaƙƙen mayafin. Tsakar gidan da na share da safe ban gane ta ba. Na laluba da gefen duro na gane inda nake, na nufi ɗakin Inna da rarrafe. Ƙofar langa-langa ce, iska ta turo ta ta rufe. Na sa tafin hannu na tura, na ji fatata ta manne da ƙarfen. A lokacin ban ji zafi sosai ba, na ji dai wani abu ya ratsa ni har kafaɗa.

A cikin ɗakin duhu ne, sai jan haske da ke leƙowa ta saman jinka, kuma guntayen ciyawa masu wuta suna faɗowa kan gado. Na kwanta rubda ciki na zura hannu ƙarƙashin gadon. Na taɓa kwalla, na taɓa tsohon takalmi, na taɓa ƙwarya. Na ƙara kutsawa har kafaɗata ta shige, sannan na taɓa ƙafa. Ƙafar ta janye. Wannan janyewar ita ce ta gaya mini yana da rai. Na cafke idon sawun na jawo shi, yana turjewa yana riƙe ƙafar gado, ko uffan bai ce ba. Na naɗe shi a mayafin na manna a ƙirji.

Ban tuna yadda na fito ba. Na tuna wani abu ya faɗo a bayana, na tuna ina tari har ina ganin duhu-duhu, na tuna ƙasar gona a gwiwoyina da hannuwan mata suna karɓe shi. Da na waiwaya jinkar ɗakin Inna ta riga ta rufta.

Yaron bai ƙone ba, sai tari da idanu da suka yi ja. Inna ta karɓe shi ta ɗora a cinya a cikin baron, tana shafa kansa tana tofa masa addu'a. Wata mata ta ce a shafa mini manja a hannu, wata ta ce ɗanyen ƙwai. Na ce a zuba mini ruwa kawai, haka maigidana ya ji daga bakin ma'aikacin asibiti a ƙauyen da ya je jaje. Suka yi ta zuba mini ruwan tulu kaɗan-kaɗan har ya ƙare. A nan ne zafin ya zo, na cije bakin zani.

'Yar farina tana gefe ita kaɗai, ba ta matso ba. A al'adarmu uwa ba ta nuna wa ɗan fari kulawa a gaban mutane, ko sunanta ba na kira. Amma na ga yadda take tsaye, na san abin da take ɗora wa kanta. Na yafito ta, na ce da ta koma ciki da jaririyar da yanzu mutum uku zan shiga nema, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Ta durƙusa kusa da ni ta fashe da kuka, na bar ta ta jingina da kafaɗata.

Mazan gari suka fara isowa wajen la'asar, a kan babura, mutum uku-uku. Wani ne ya samu ya buga waya kasuwa, wasu kuma tun daga hanya suka hango hayaƙi. Maigidana ya bar tumakinsa a hannun dillali ya taho. Bai nufi gida ba, kai tsaye gindin gawo ya zo. Na ga idonsa yana bin mu ɗaya-ɗaya, mahaifiyarsa, yaran, ni, sannan ya tsuguna ya dafe kai. Da ya miƙe ya shiga cikin mazan da ke sare darni a yammacin gidanmu. A can aka tare wutar, inda suka buɗe fili mai faɗi tsakanin gidaje, iska ma ta ɗan lafa.

Mun rasa madafi da ɗakin Inna da rumbun da ke cikin gida, da kaji da ban san adadinsu ba. Ɗakina mai rufin kwano ya tsira, ko da yake bangonsa ya yi baƙi. Rumbun da ke fili da harawar kan gawo wuta ba ta kai gare su ba. Gidajen gabas kuwa babu abin da ya rage sai bangaye da tukwane da suka fashe. Ba a rasa rai a ranar ba, amma wani tsoho da ya shaƙi hayaƙi sosai ya yi ta jinya, bai kai damina ba. An ce daga murhun da aka bari da garwashi wutar ta tashi, guguwa ta kwashi garwashin ta watsa a darni. Ba wanda ya so a faɗi gidan, aka bar maganar.

Aka kai ni asibiti a Baure aka wanke hannun aka naɗe. Yaron ya yi kwanaki ba ya magana, ko bayan gida zan je sai ya riƙe zanina, kuma in an hura wuta sai ya ruga ya ɓoye fuska a jikin kakarsa. Inna ta koma ɗakina, muka riƙa kwana tare har aka ɗaga mata sabon ɗaki. Maƙwabciyata da 'ya'yanta suka zauna a rumfar da aka kafa musu a tsakar gidanmu, tukunya ɗaya muke ɗorawa. Ita take girkin, tana yi mini wanki, tana yi wa jaririyata wanka, saboda ba na iya taɓa ruwa.

Da aka ga ginin nasu zai ɗauki lokaci, ga damina tana matsowa, yayanta ya aiko daga Sandamu a kai masa ita da yaran su zauna wurinsa, mijin ya tsaya ya yi aikin gida. Ranar tafiyar na raka su bakin hanya inda ake samun mota. Kayansu duka ƙulli biyu ne, yawanci tufafin da mutane suka kawo gudummawa. Na so in ɗaukar mata ɗaya ta hana, ta ce in kula da hannuna kada ƙura ta shiga. Muka tsaya a inuwar wata bishiyar bedi muna jira. Ta ce in riƙa leƙa mijinta da ɗan tuwo, domin ba zai buɗe baki ya tambaya ba. Na ce in sha Allahu. Da motar ta zo ta shigar da yaran, ta zauna a bakin taga, na tsaya har suka sha kwana sannan na juya gida.